Yadda Zorka Ta Sauko da Mijinta

"Tura, Tadija! Ko sai na mutu za ka yi ƙarfi?"

Tadija ya ciji leɓe ya ƙara dannawa. Baron da yake kwasar duwatsu da shi ne aka shimfiɗa wa bargo, tsohuwa Zorka na zaune a ciki, ƙafafunta na reto a gaba, sandarta a kan cinya. Ba ta da nauyi, ciwo ya riga ya cinye ta, amma hanyar maƙabarta hawa ce, shi kuma ya haura saba'in.

"Yaya Zorka, likita fa cewa ya yi ko tsakar gida kada ki fita."

"Likita ya ce ba zan ga nunar inabin bana ba. Ya gama nasa aikin. Kai yi naka."

Daga saman tudu ƙarar injin fasa dutse take saukowa, ta tsaya, ta sake tashi. Duk ƙauyen Lisnik an san ma'anarta. Ƙasar wurin dutse ce, wanda ya jira sai an mutu sannan ya fara haƙa, gawa za ta gaji da jiransa. Don haka in ciwo ya yi nisa, maza sukan fara aiki tun mai kabarin na numfashi, mata su rufe tagogi, majinyaci kuma ya yi kamar bai ji ba. Ladabin ke nan, Zorka ma ta san shi. Da daga gangare ƙarar ta zo mata, da ta juya fuska bango ta yi shiru. Amma daga sama ta zo. Shi ya sa ta yi ta dukan bangon da ya raba gidanta da na Tadija da sanda, har sai da ya shigo.

Abin da ya raba sama da gangare kuwa, ruwa ne. Marmaro ɗaya ke shayar da Lisnik da ƙauyuka biyu na ƙasa, kuma daga gindin tudun da tsohuwar maƙabarta ke kai yake fitowa. Dutsen tudun kamar rariya yake, abin da aka zuba a sama ba ya tsayawa a tace shi. Wata shekara da zafi yara suka kwanta da amai da gudawa, gida gida, har da Lucija jikar Tadija, wadda aka kai asibitin birni ba ta san inda kanta yake ba. Mutane suka ce tsautsayi ne, suka kunna kyandir a coci. Zorka ta kunna nata, sannan ta ɗaura baƙin ɗankwalinta ta hau mota sai ofishin ƙaramar hukuma, ta zauna a benci. Ta koma, ta sake komawa, har aka gaji da ganinta aka turo masu binciken ruwa. Suka zuba koren rini a wani rami da ke bayan katangar maƙabarta. Washegari mata suka je ɗibar ruwa, suka tarar da marmaro kore shar.

Sai aka kakkafa turaku masu jan kai aka zagaye tudun. A cikinsu ba a haƙa masai, ba a kafa garke, ba a zubar da baƙin mai, ba a kuma binne kowa. Aka yanki fili can ƙasa da marmaro, aka yi masa katanga da ƙofa, Fada, limamin coci, ya zo ya sa masa albarka. Filin ya zauna ba kowa, sai awaki ke tsallaka katangar.

Ɗan Adam yana son ruwa mai tsabta, amma ya fi son maƙwabcinsa ya sha wahalar tsabtace shi. Mutanen Lisnik suka gode wa Zorka a bakin marmaro, suka zage ta a gidan giya. A wurinsu, wanda aka fara binnewa a sabuwar maƙabarta shi ne mai gadin ƙofa har tashin matattu, ba kwanciya ba hutu, kuma ba ɗan halak da zai yi wa uwarsa haka. Ba su yi taro ba, amma sun gama shawara: duk wanda ya fara mutuwa, a kai shi sama. Hukuma ba ta tone gawa. In an binne ɗaya, an binne dokar. Sai Allah ya yi ikonsa, tun da aka kafa turakun, mutuwa ba ta leƙo ƙauyen ba, da ta tashi leƙowa kuma, ƙofar Zorka ta ƙwanƙwasa.

Akwai abin da Tadija bai faɗa wa kowa ba. Matarsa Kata tana can sama. Shi masassaƙin dutse ne, da hannunsa ya yi mata dutsen kabari, sunanta a hagu, nasa a dama, an bar gurbin shekarar mutuwarsa. Da ya ji injin ya tashi da safen nan, sai da ya ji sanyi a ransa. In Zorka ta shiga, shi ma hanya ta buɗe masa. Ga shi yanzu shi ke tura ta ta je ta rufe.

Suka tarar da mutum huɗu a bakin kabarin Jakov, mijin Zorka. Biyu masu shebur ne. Ɗaya Vinko ne, ɗanta da ya zo daga Jamus, fararen takalmansa sun yi butu-butu da ƙura. Mai riƙe da injin kuwa Dujo ne, wanda gonarsa ta faɗa cikin turaku, aka hana shi gina rumfunan aladu.

Zorka ba ta ɓata muryarta ba. Ta sa Tadija ya matso da baron, ta zunguri Dujo da sanda a haƙarƙari. Injin ya mutu.

"Mama!" in ji Vinko. "Wa ya fito da ke? Haba, Kawu Tadija!"

"Ƙyale shi, jaki ne kawai, ni na ɗaura masa kaya. Wannan ramin na wane ne?"

"Gyara muke yi. Gefen kabarin Baba ne ya zube."

"Vinko, tun kana wando ɗaya in za ka yi ƙarya kunnuwanka ke yin ja. Taɓa su ka ji."

Masu shebur suka sunkuyar da kai. Dujo ya share gumi da hularsa ya yi murmushi.

"Inna Zorka, ai abin alheri ne. Ba wanda ya roƙe ni, zumunci ne ya sa na kawo injin."

"Na san zumuncinka, Dujo, ƙafa huɗu gare shi da guntun hanci. Gobe a rufe ni a nan, jibi ka sa kwat ka je ofis ka ce, ga uwar dokar can kwance cikin turaku, ni me aladuna suka yi? Na yi ƙarya?"

"Kai, tsohuwar nan! Ƙafa ɗaya a rami, amma baki bai mutu ba."

"Shi zai shiga ƙarshe."

Vinko bai yi dariya ba. Ya dafa dutsen kabarin, inda hoton ubansa yake da gashin baki, ga sunan uwarsa a gefe da shekarar haihuwarta.

"Mama, dubi nan. Baba ya riƙe hannuna a asibiti ya ce, wurin uwarka yana kusa da ni, kada ka manta. Ban yi jinyarsa ba, ke ma maƙwabta suka yi taki. Abu ɗaya ya rage da zan iya yi muku. Kina so a ce ya dawo daga Jamus ya jefar da uwarsa a filin awaki, ita kaɗai, tana gadin ƙofa?"

Ba mugun ɗa ba ne, ɗa ne mai jin kunya, kuma mai jin kunya ya fi mugu saurin yin ɓarna, don shi gani yake alheri yake yi.

"Zo nan," in ji Zorka. Ya durƙusa a gefen baron, ta kama kunnensa kamar yadda ta saba. "'Ya'yanka in sun zo hutu, ina suke fara zuwa?"

"Marmaro."

"Da me suke sha?"

"Da hannu."

"To kana so su sha ni? Kana so matarka ta dafa maka gahawa da ni? Tun sanyin bara ake ɗura mini magani, ni kaina ban san abin da ke cikin jikin nan ba. Na shayar da kai nono, ya isa. Ba sai na shayar da ƙauye uku ba."

"To Baba fa?"

Tsohuwar ta saki kunnen. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Jakov," ta ce da shi, kamar yana zaune a ƙofar gida. "Ka ce mu bar garin ubana, na bi ka. Ka ce mu sayar da tumaki, na bi ka, ko da yake wauta ce. Rabin rayuwata bayanka nake gani. To yau kai za ka biyo ni."

Ta juya ga ɗanta. "In kun buɗe kabarin nan don ku sa ni, me za ku yi da shi?"

Kowa ya san amsar. In za a sa mata kusa da mijinta, sai a tattara ƙasusuwansa, a wanke da ruwan inabi, a naɗe cikin farin ƙyalle, a ajiye a wajen ƙafafunta.

"To ai dama za ku ɗaga shi. Ku ɗan ƙara tafiya da shi, ba nisa."

"Ba a saukar da matacce gangare!" Dujo ya ɗaga murya. "Tun kaka da kakanni sama ake kai su."

"Kaka da kakanni ba su ga ruwa ya yi kore ba. Kai ka gani, har ka zubar da bokitin matarka ka yi alamar gicciye."

"Gadin ƙofar fa, Mama?" in ji Vinko a hankali.

"Ubanka shekara da shekaru yana gadi a kamfanin siminti, abin da ya iya kawai munshari. Ku fara sa shi. Ya yi gadin gaske sau ɗaya a rayuwarsa, ni in kwanta in huta."

Ɗaya daga masu shebur ya fashe da dariya, ɗayan ya bi shi. Vinko ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko kuka ne ko dariya ba.

Dujo ya ga kasuwa na neman watsewa, sai ya jefa abin da ya rage masa.

"To dutsen fa? An dasa shi da ƙarfe da siminti. Ku taɓa shi ya tsage gida biyu, fuskar Jakov ta rabe. Ko za ku kai su can ba suna, kamar karnuka? Ga wanda ya yi shi nan, ku tambaye shi." Ya dubi Tadija ido cikin ido. "Faɗa musu, Kawu. Kai ma ai naka yana can."

Ya nuna da haɓa. Tadija bai buƙaci nuni ba. Dutsen Kata yana 'yan taku kaɗan daga wurin, da furannin da ya kawo ranar Lahadi a cikin kwalba. Ya san Vinko ba zai yarda a fasa fuskar ubansa ba. Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma ba mahaluƙin da zai taɓa kama shi, don ba wanda ya san gindin dutsen nan sai shi. Sai a gama ramin, Zorka ta yi ta faɗa har ƙarfinta ya ƙare, shi kuma in ranarsa ta zo a kwantar da shi a dama da Kata.

Zorka ba ta dube shi ba. Tana gyara bargo a kan gwiwarta.

Abin da ya faɗo masa a rai ba doka ba ce. Ƙafar Lucija ce a gadon asibiti, 'yar ƙarama, an soka mata allurar ƙarin ruwa a ciki don an rasa jijiya a hannu. Ya tofa yawu a tafinsa, ya sunkuya ya shafa gindin dutsen.

"Zai ɗagu," ya ce. "A kan farar ƙasa na zaunar da shi. Ku ba ni dogon ƙarfe da maza huɗu masu hankali. Ban da Dujo."

"Juya, jaki," in ji Zorka. "Na gaji."

Kafin la'asar Dujo ya ɗaura injinsa a bayan tarakta ya tafi da shi, ya ce su haƙa da farce. Fada Ilija da ya zo yi wa Zorka addu'a ya yi 'yar gardama kan saukar da Jakov gangare, ta tambaye shi a wace aya aka ce mala'iku ba su iya gangare, ya ce zai yi wa ƙasusuwan addu'a da kansa. Ƙaramar hukuma kuwa, da ta ji za a fitar da gawa daga cikin turaku maimakon a shigar, ta ba da izini da saurin da ba a taɓa ganin ta yi ba.

Matsalar ita ce haƙa. Vinko da masu shebur biyu suka yini suna dukan dutse a sabuwar maƙabarta, ramin bai kai gwiwa ba, tafin Vinko ya yi bororo ya fashe. Kashegari da safe sai ga maza suna hawowa daga ƙauyukan ƙasa, kowa da digarsa a kafaɗa, matansu na biye da burodi da cuku da busasshen nama. Ba wanda ya aika musu. Daga marmaro ɗaya suke sha, kuma labari ya fi ruwa saurin gangara. Da matasan Lisnik suka ga baƙi na haƙa wa tsohuwarsu kabari, kunya ta kama su, suka fito da nasu.

Matan da ke jinyar Zorka suka tashi za su rufe taga.

"Ku bar ta a buɗe," ta ce. "Kiɗana ne."

Tadija ya shigo da hantsi, ya zauna a kujerar da ke gefen gadon. Ta ƙara ramewa a kwanakin nan, hancinta ya fito, amma idanun na nan.

"Daga ina kake jin sa?" ta tambaye shi.

"Daga ƙasa."

"Kunnena ya fara yi mini ƙarya, shi ya sa na tambaya. Diga nawa?"

"Sun fi ƙarfin ƙirga. Har ɗan Dujo na gani a ciki."

Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ta nuna butar da ke kan tebur. Ya ce wannan na jiya ne, ya ɗauki kofin ƙarfe ya gangara marmaro da ƙafarsa ya ɗebo sabo. Ya tallafi kanta, ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye.

"Ba ɗanɗanon kowa a ciki," ta ce.

Ya ajiye kofin. Ta kamo hannun rigarsa.

"Tadija. Na san abin da ka bari a can sama."

"Yi shiru, Yaya, ki huta."

"Kata ba ta son hawa ma. Kullum sai ta tsaya a tsakiya ta ce gwiwa."

"Na ce ki yi shiru."

Ta yi shirun, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Ta rasu da safe, ranar da inabin da ke kan rumfar ƙofarta ya fara yin ja. Likita bai yi ƙarya ba, amma da kaɗan ya tsira. Aka kaɗa ƙararrawar coci irin kaɗawar da ake yi wa mace, mata suka wanke ta da ruwan marmaro, suka ɗaura mata baƙin ɗankwalin da ta riƙa zuwa ofis da shi.

Ranar jana'iza Vinko ne a gaba, rungume da ƙaramin akwatin ƙasusuwan ubansa naɗe da farin ƙyalle, yana ƙamshin ruwan inabi. Maza shida na ɗauke da uwarsa a baya. Dujo na cikinsu, a gaba ta dama, don a Lisnik gaba ba ta hana ɗaukar gawa. Da suka fito daga coci suka iso mararraba, Vinko ya yi gangare. Masu ɗaukar gawar kuwa, ba tare da sun yi shawara ba, ƙafafunsu suka yi hagu suka kama hawa, yadda suka yi da iyayensu da kakanninsu. Fada ma ya bi su yana karatu, jama'a suka bi Fada.

"Kai! Ina za ku da ita?" Tadija ya daka tsawa. "So kuke ta tashi?"

Suka yi cak. Dujo ya dubi ƙafafunsa kamar ba nasa ba.

"Na rantse ba da gangan ba ne," ya ce. "Ku juya, ku juya, kafin ta zungure ni."

Dariya ta ɓarke a cikin masu makoki, har da matan da ke kuka. Aka juya akwatin a tsakiyar hanya, aka gangara. A bakin marmaro mutanen ƙauyukan ƙasa sun yi layi, huluna a hannu. Ba a saba tsayawa da gawa a hanya ba, amma aka tsaya, har sai da kowa ya ji ƙarar ruwan.

Aka fara sa Jakov. Vinko ya sunkuya ya ce da ƙaramin akwatin, "Baba, ban da barci." Sannan aka sa ta.

Turakun suna nan a inda aka kafa su. Dujo ya gaji da jira, ya gina rumfunansa can ƙasa da gadar ƙauyen, inda aka nuna masa tun farko, yana kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dama can ya fi kusa da titi. Da mutuwa ta sake zuwa Lisnik, ba wanda ya tambayi ina za a haƙa.

Tadija ya zaunar da dutsen a sabon wurinsa ko ƙwarzane babu. Ya kwashe yini guda yana sassaƙa shekarar rasuwar Zorka a gurbin da ya bari tun da daɗewa, ya hure ƙurar, ya goge hoton Jakov da hannun riga. Da ya gama bai tafi gida ba. Ya ciro 'yan turaku huɗu da igiya daga cikin baron, ya auna ƙasa a dama da Zorka, faɗin mutum biyu, shi da Kata, ya kafa su ya ɗaure. Wata akuya ta leƙo ta kan katanga, ya jefe ta da tsakuwa.

Sannan ya ɗora dogon ƙarfen a baro, da farin ƙyalle a naɗe da kwalbar ruwan inabi, ya kama hanyar sama. A tsakiyar hawan ya tsaya ya huta, daidai inda Kata takan tsaya. Daga nan ana jin marmaro.